Ƙanena mai zuwa Faris: batun gunki a falo da cuku mai funfuna

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ɗakin da ka samu a gunduma ta 13 a Faris na wata tsohuwa ce 'yar asalin Kambodiya, kuma a hoton falonta ka hango gunkin Buddha da turaren tsinke da lemo a faranti, har hankalinka ya tashi. Ka kuma tambaya ko gaskiya ne Faransawa na cin ruɓaɓɓen cuku.

Kada ka saki ɗakin nan. Masauki a Faris wuya gare shi, kuma ni kaina shekara biyu na yi a irin wannan gida. Da yawa daga cikin tsofaffin unguwar 'yan gudun hijira ne da suka baro Kambodiya da Biyetnam da Lawos bayan 1975. Matar da na zauna a gidanta 'yan uwanta sun mutu a mulkin Khmer Rouge, 'yan kwaminisancin da suka yi kisan gilla a Kambodiya, wanda ya ƙare a 1979. Kullum da safe takan goge ɗan gunkin da tsumma, ta sauya ruwan kofi, ta kunna turare uku, ta tsaya shiru. Kusa da gunkin akwai hoton mahaifiyarta, shi kaɗai ta tsira da shi. Ba ta taɓa kirana in taya ta ba. Da azumi ya zo, ita ta riƙa rage ƙarar talabijin idan ta ji na tada salla.

Sallarka a ɗakinka za ka yi, alƙibla tana kudu maso gabas. Juma'a kuwa, jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 7 zai sauke ka kusa da Babban Masallacin Faris da aka buɗe a 1926. Abin da ladabi ya ɗora maka kaɗan ne: kada ka aje makulli ko waya a kan teburin ibadarta, kada ka ɗauki lemon wurin ka ci, kuma in ka zauna kada ka miƙe ƙafa tana kallon gunkin, domin a wurinsu babban raini ne. Ba bauta ka yi ba, haƙƙin maƙwabtaka ka kiyaye.

Cukun kuwa ba ruɓa ya yi ba. Wanda ya fi suna shi ne Roquefort, da nonon tumaki ake yin sa a kudancin Faransa, a zuba masa wata funfuna da gangan, a ajiye shi a kogunan dutse, ba a fitar da shi kasuwa sai ya yi aƙalla wata uku. Shuɗin da ke cikinsa funfunar ce. Yana da gishiri da yaji-yaji, warinsa kuma ba zai firgita wanda ya tashi da daddawa ba. Kada dai ka sa rai da irin busasshen cukun Agadas da muke ci da shayi.

Inda za ka lura shi ne abin da ake daskarar da nonon da shi, wanda ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi ko ɗan tinkiya. A jikin leda za ka ga an rubuta présure. Malamai sun yi saɓani idan dabbar ba yankakkiya ba ce: Imam Abu Hanifa ya sauƙaƙa, Malikiyya sun tsananta. Tambayi malaminka tun kana gida. Wasu cukun an rubuta musu coagulant microbien, su babu dabba a ciki, su nake saye.

Ka fi sa ido a kan lardons, wato gutsattsarin naman alade da suke watsawa a salak da ƙwai, da kuma giyar da ake zubawa a miya. Ka taho wa tsohuwar da 'yar tsaraba, dabino ko zoɓorodo. Gai da su Inna.