Aksolotil ɗina ya daina cin abinci tun da zafi ya shigo

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na sayi aksolotil, dabbar nan ta ruwa dangin kwaɗo mai kama da ƙadangare, a watan Disamba, yana cin tanarsa lafiya lau. Tun da Maris ya kama ya daina ci, reshunan numfashin da ke gefen kansa sun lanƙwaso gaba, wani farin abu kamar auduga ya fito musu. Wanda ya sayar min ya ce in kwantar da hankalina, zai saba da zafin garinmu. Ina tsoron kada ya mutu a hannuna. Daga wata mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki tsoma ma'aunin zafi cikin tankin yau ɗin nan. Duk abin da kika lissafa alamun dabbar da zafi ya galabaitar ne, farin abin nan kuwa fangas ne, wato wani irin funfuna, da ya samu ƙofa saboda jiki ya yi rauni.

Maganar "zai saba" ɗin nan ta ishe ni. Ba zai saba ba. Asalinsa tafkin Sochimilko ne a birnin Meziko, wurin da ke sama da mita 2,200 daga gaɓar teku, ruwansa mai sanyi. Digiri 16 zuwa 18 yake so. Ruwa ya wuce 24 ya daɗe a haka, ciwo ya shigo, mutuwa na biye. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura 40, ko a cikin ɗaki ruwan tanki na iya kai 30. Sanyin hunturu ne ya rufa masa asiri har kika ga yana ci.

Masu tallarsa a Facebook da WhatsApp suna ɗaukarsa tamkar tarwaɗa, wadda ko a taɓo take rayuwa. Aksolotil ba ya iya daidaita zafin jikinsa, zafin ruwan shi ne nasa. Ruwa na ɗumi, jikinsa na ƙara neman iskar oksijin, ruwan kuma na rage riƙe ta, sannan gubar amoniya da ke fita daga kashinsa ta ƙara ƙarfi. Ta ina sabo zai shigo? Sun ji cewa in ƙafarsa ta guntule tana sake tsirowa, shi ke nan suka yanke cewa ba abin da ke kashe shi. Mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa a lokacin sanyi, bazara ta zo ya ce ƙaddara ce. A ji tsoron Allah, rai ne fa.

Ki kai tankin ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. Buɗe murfin ki sa raga, ki kunna fanka tana busa saman ruwan. Busasshiyar iskarmu na taimakawa, amma digiri kaɗan za ta rage. Kada ki jefa ƙanƙarar kasuwa kai tsaye, ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, kuma faɗuwar zafi farat ɗaya na ƙara wahalar da shi. Gorar ruwa daskararriya a rufe ta fi, a riƙa canzawa kafin ruwan ya sake ɗumi. Ruwan famfo sai an cire masa kulorin. Kada kuma kowa ya sa ki fasa kafso ki zuba masa, likitan dabbobi ya fara ganin fangas ɗin.

Wannan duk na wucin gadi ne. Mafita ita ce na'urar sanyaya ruwan tanki, da sola ko batirin da zai riƙe ta in an ɗauke wuta. In ba hali, ki nemi wanda yake da su ki ba shi kafin Afrilu.