Tambaya da Amsa: Agogunan da suka narke

Tambaya: Salam, dan Allah na ga wani zane a waya, agoguna sun narke, ɗaya ma an rataye shi a reshen bishiya kamar an shanya tsumma, wai mai zanen taɓin hankali gare shi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. A'a, lafiyarsa ƙalau a lokacin, Salvador Dali ne ɗan ƙasar Sifaniya, ya zana shi a 1931 kuma yanzu zanen yana gidan ajiye zane-zane na MoMA a birnin New York, ɗan ƙarami ne ma, faɗinsa kamar santimita 33. Salon ana ce masa suriyalizim, wato zana abin da mutum ke gani a mafarki. André Breton, marubuci ɗan Faransa, shi ne ya fitar da takardar manufar masu wannan salo a Paris a 1924, bayan yaƙin duniya na farko ya cinye miliyoyin rayuka sai matasan nan suka ce to in dai wannan ne aikin hankali gara a saurari mafarki, kuma karatun Freud, likitan nan mai nazarin tunani da mafarki, ya yi tasiri a kansu sosai.

Ki sake duba hoton da kyau, akwai agogo ɗaya da bai narke ba, tururuwa sun lulluɓe shi, duwatsun da ke can baya kuma na gaɓar tekun yankin su Dali ne, Kataloniya. Ni gaskiya tururuwan nan sun fi taɓa ni. Daga baya ma Breton da Dali sun raba gari, har Breton ya yi masa laƙabi mai nufin mayen dala.