Amsoshin Tambayoyinku: Kunya, Riya da "Kada a Ce"

Daga Damagaram: Malam, na ƙi cin bashi in haɗa lefe mai akwati 12, sai dangi suka ce ba ni da kunya. Haka kalmar take?

Dangin naka sun ɗora wa kalmar kayan da ba nata ba. Kunya ita ce ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ita ke sa suruki ya tuɓe takalmi tun daga zaure ya durƙusa. Kara kuwa ita ce ka bar wa wani abin da kake da iko a kai don ganin girmansa. A. H. M. Kirk-Greene ma, da ya yi nazarin mutumin kirki a wurin Bahaushe a 1974, ya sa kunya cikin siffofinsa, tare da gaskiya da amana da haƙuri. Ina bashi a nan?

Abin da ke damun danginka sunansa "kada a ce". Kada a ce gidan wane sun gaza. Shi ke sa a ari sarƙar gwal a jera a akwati, 'yan ganin lefe su yi guɗa, bayan magariba a mayar wa mai ita a ɓoye. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda har masu gabatar da shiri a rediyo ke cewa "fita kunya" alhali "kece raini" suke nufi. Fita kunya sauke nauyin da ke kanka ne, kece raini kuwa gasa ce da maƙwabta. Ka yi lefenka daidai ruwa daidai tsaki.

Daga Kumasi: "Riya" Hausa ce?

Aro ce daga Larabci, tushenta ɗaya da kalmar Larabci mai ma'anar "gani". Mu muna da "ganin ido".

Daga Zariya: Me ake nufi da "Kowa da kiwon da ya karɓe shi"?

Ƙarasa shi mana: "maƙwabcin mai akuya ya sayi kura." Kowa da abin da ya dace da shi. Sai dai akwai ba'a a ciki, domin akuyar maƙwabci ce za ta ji a jikinta. Masu kafa hujja da shi don su yi abin da suka ga dama rabin farko kawai suka haddace.

Daga Marwa: "Ko a jikina, an tsikari kakkausa", wace ce kakkausa?

Mai kaushin fata, wadda tsikari ba ya ratsa ta.