Tambaya da Amsa: Da gaske ne ɗaliban jami'o'in Amurka suna samun miliyoyi da wasan ƙwallo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina rubuto muku ne daga Tawa. Ina riƙon ɗan ƙanwata tun bayan rasuwar mahaifinsa, yaro ne ɗan shekara 17 wanda Allah ya yi wa tsawo, yana ajin ƙarshe kafin jarrabawar BAC, kuma babu abin da ya ɗauke masa hankali kamar ƙwallon kwando. Kwanakin baya ya zo mini da salularsa yana nuna mini hotunan wasu ɗaliban jami'o'in Amurka a cikin manyan motoci, ya ce da kuɗin talla suka saya tun ba su gama karatu ba. Ana cikin haka sai wani mutum ya same mu ya ce idan muka haɗa masa jika 800 zai samo wa yaron gurbi a can. Shin maganar kuɗin nan gaskiya ce? Me ta yi wa wasannin da karatun yaran? Kuma kuna ganin in sayar da shanuna biyu in biya? Daga wani mai karatu a Tawa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri a kan riƙon maraya, ya kuma raya yaron. Abin da ya nuna maka gaskiya ne, amma wani yanki ne na gaskiyar, kuma yankin da salula ba ta nunawa shi ne ya fi shafar gidanka.

Tun daga 1906 akwai wata hukuma mai suna NCAA da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, kuma fiye da shekara 100 dokarta ita ce ɗalibi ba ya karɓar kuɗi saboda wasa. Iyakarsa tallafin karatu, wato kuɗin makaranta da ɗaki da abinci. Wannan ba zai zama abin magana ba da a ce wasannin nan irin na ɗalibanmu ne, waɗanda ake bugawa da yamma a filin jami'a, abokai su yi tafi a watse. A can kasuwa ce babba. A 2016 gidajen talabijin na CBS da Turner sun amince su biya dalar Amurka biliyan 8.8 don su ci gaba da nuna gasar ƙwallon kwando ta maza na tsawon shekara 8, kuma akwai masu horarwa da albashinsu ya haura dala miliyan 10 a shekara. A kula, dalar da nake nufi ta Amurka ce, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Kai da kake Tawa, garin da aka fara gasar takobi a 1975, ka kwatanta abin da filin kokawa. A ce fili ya cika maƙil, an sayar da tikiti, kamfanoni sun rataya tallansu, makaɗa da maroƙa sun samu rabonsu, sannan ɗan kokawar da ya yi kaye a ce masa idan ya miƙa hannu ya karɓi kari, ko na jika ɗaya ne, an kore shi daga gasa. Babu Ba'adaren da zai yarda da wannan tsari, amma haka ɗaliban nan suka zauna shekara da shekaru, alhali da yawa daga cikinsu ƴaƴan talakawa ne, baƙaƙen fata, waɗanda iyayensu ke fama da kuɗin haya.

Wanda ya fara fasa ƙwan shi ne Ed O'Bannon, wanda ya ci kofin ƙasa na ƙwallon kwando da jami'ar UCLA a 1995. Bayan ya bar wasa yana sayar da motoci a jihar Nevada, sai wata rana a gidan abokinsa ya ga wasan kwamfuta da ke ɗauke da wani ɗan wasa mai kamarsa sak, bahago kamarsa, sanye da lambarsa 31, alhali ba a nemi izininsa ba kuma ba a ba shi ko sisi ba. Ya kai ƙara a 2009, kuma a 2014 alƙaliya Claudia Wilken ta ba shi gaskiya. A 2019 jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta ba ɗalibai damar karɓar kuɗin talla, wasu jihohin suka bi sahu, sannan a watan Yunin 2021 alƙalai 9 na Kotun Ƙolin Amurka suka haɗa baki suka yanke hukunci a kan NCAA a wata shari'ar ta daban. Daga ranar 1 ga Yulin 2021 hukumar ta saki hannu, ɗalibi ya samu ikon sayar da sunansa da hotonsa da kamanninsa ga masu talla, abin da suke taƙaitawa da haruffan NIL.

A ganina wannan gyara ne da ya daɗe da cancanta, domin guminsu ne. Kuma ya yi amfani a inda ba a zata ba. Ƴan mata, waɗanda a da ba a ko waiwayarsu, sun samu kasuwa. Caitlin Clark, ƴar ƙwallon kwando ta jami'ar Iowa, ta yi talla da kamfanonin Nike da Gatorade tana ɗaliba, kuma wasan ƙarshe na mata a 2024 ya samu masu kallo sama da miliyan 18, ya zarce na maza a karo na farko. Wasu ɗaliban kuma da a da talauci zai fizge su daga makaranta sun tsaya sun ƙara shekara, tun da suna iya taimakon gida daga inda suke.

Sai dai abin bai tsaya a talla ba. Attajiran da ke goyon bayan manyan jami'o'i sun kafa asusun taron dangi, suna tara kuɗi da sunan talla, alhali kowa ya san farashin ɗan wasa ake biya don ya zo ko don kada ya tafi. Wannan ya zo daidai da lokacin da aka sassauta dokar sauya makaranta: a da wanda ya sauya a manyan wasanni sai ya zauna shekara guda ba ya bugawa, a 2021 aka yafe masa sau ɗaya, a 2024 aka cire iyakar. Yanzu dubban ɗalibai ne ke sa sunansu a kasuwar sauyi duk shekara. Ƙaramar jami'a za ta ɗauki yaro ta raine shi, da ya fara haske sai mai kuɗi ta ɗauke shi, kamar yadda kulob-kulob na Turai ke yi wa namu na Afirka. Abin da ya fi damuna a nan shi ne karatun, domin yaron da ya zaga jami'a 3 ko 4 a cikin shekara 5 yakan yi asarar darussan da sabuwar makarantar ba ta yarda da su ba, kuma akwai waɗanda ke barin tallafin da suke da shi su shiga kasuwar, babu wanda ya ɗauke su, su tashi ba tsuntsu ba tarko.

A watan Yunin 2025 alƙaliya Wilken ɗin nan ta amince da wani sulhu wanda ya ƙara sauya komai. Za a biya ɗaliban baya diyyar kusan dala biliyan 2.8 a cikin shekara 10, kuma kowace jami'a da ta shiga tsarin tana iya raba wa ƴan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko kai tsaye daga aljihunta. Duk tallan da ya kai dala 600, wato sama da jika 300, sai an kai shi an tantance. Amma ka dubi rabon: kusan kashi 75 cikin 100 na diyyar na ƴan wasan American football ne, wato ƙwallon Amurka da ake ɗauka a hannu a yi gudu da ita, kusan 15 na ƙwallon kwandon maza, sauran wasanni duka su raba abin da ya rage. Ɗaliban da ke wasa a ƙarƙashin NCAA sun haura 500,000, masu motocin da ka gani ƴan ƙalilan ne a cikinsu, kuma hukumar da kanta ta ce waɗanda ke zama ƙwararru bayan karatu ba su kai kashi 2 cikin 100 ba.

Yanzu ga abin da ya shafi yaronka. Ɗalibin da ya fito daga wata ƙasa yana shiga Amurka ne da bizar karatu, wadda ta hana shi yin aikin kuɗi a wajen makaranta ba tare da izini ba, kuma fitowa a talla aiki ne. Oscar Tshiebwe, ɗan Lubumbashi a Kwango, shi aka zaɓa gwarzon ƙwallon kwandon jami'o'i a 2022 yana jami'ar Kentucky, amma duk da haka sai da ƙungiyarsa ta je wasa tsibiran Bahamas a watan Agustan shekarar ya samu damar ɗaukar hotuna da bidiyon tallansa, saboda a can ba ya cikin ƙasar Amurka. Idan gwarzon shekara sai da ya yi wannan zagaye, ka auna matsayin yaron da bai buga ko wasa ɗaya ba. A kan wannan kuma akwai wata katangar: a watan Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka da ke nan Yamai ya dakatar da ba da biza, kuma a watan Disamba aka sa Nijar a jerin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa. Mutumin da ya ce zai kai yaron da jika 800, ko dai bai san wannan ba ko ya sani ya ɓoye maka.

Ba ina cewa a kashe wa yaron gwiwa ba ne. Hakeem Olajuwon, shahararren ɗan ƙwallon kwando, daga Legas ya tafi jami'ar Houston, kuma Khaman Maluach na Sudan ta Kudu ya bi ta makarantar horarwa ta NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru a Amurka, da ke Saly a Senegal, ya shiga jami'ar Duke a 2024. Amma waɗannan an ga wasansu ne aka neme su, ba gurbi suka saya ba. Jami'ar da ke son yaro mai horarwarta ne ke tuntuɓar iyayensa, ita ce ke aiko da takardar karɓa, kuma kafin ya taka fili sai cibiyar tantancewa ta NCAA ta duba makinsa na shekarun ƙarshe na makaranta, an fassara su zuwa Turancin Ingilishi. Saboda haka BAC ɗin da yake ganin tana tsare masa hanya ita ce takardar farko da za a tambaye shi, a Amurka ne ko a Dakar ko a Jami'ar Abdou Moumouni.

Kada ka sayar da shanun, Malam. Ka bar yaron ya yi atisayensa da yamma bayan ya gama bitar darasi, ka nema masa malamin Ingilishi, kuma a lokacin hutu ka turo shi Yamai wurin dangi ya gwada kansa da ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, inda masu ido za su gaya maka gaskiyar matsayinsa. Idan mutumin ya dawo, ka ce ya rubuta maka sunan jami'ar da sunan mai horarwar da adireshinsa na imel, ka kai wa malamin Ingilishin ya rubuta musu wasiƙa a gabanka, ka jira amsarsu.