Ko yanayi na sa tsuntsayen Turai makara zuwa Dagona?

Ka tambaya ko yanayi ne ke jinkirta tsuntsayen Turai zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, inda mafakar tsuntsaye ta Dagona take, da kaka. E, amma na 'yan kwanaki ne. Gajartar yini ce ke tayar da su, iska kuwa ita ke zaɓar ranar tashi. Farin shamuwa, alal misali, iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa yake hawa. Hadari ya haɗu, sai ya dakata.

In kallon tsuntsayen za ka je, ruwa ya fi shafarka. In damina ta yi albarka, madatsun Tiga da Chalawa na jihar Kano suka saki ruwa zuwa fadamun, agwagin ruwa kan cika Dagona daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ka fita da sassafe, ka kuma guji ranar da hazo ya yi kauri, don ko madubin hangen nesa ba zai taimaka ba.