Tambaya da Amsa: Mutum dubu za su iya faɗin ra'ayin miliyoyin masu zaɓe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Duk lokacin da babban zaɓe ya ƙarato sai mu ji ana cewa ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta nuna wane ne kan gaba, alhali waɗanda aka tambaya ba su wuce dubu ɗaya ko biyu ba. Ni tun da na fara jefa ƙuri'a ba a taɓa tambayata ba, haka ma duk wanda na sani. Anya wannan ba shaci-faɗi ba ne? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Rashin tambayarka ba abin mamaki ba ne, domin a ƙasar da ke da masu zaɓe miliyan 50, idan aka zaɓo mutum 1,000, to cikin kowane mutum 50,000 ɗaya kaɗai za a yi wa magana. Likita ma ba ya zuƙe jinin majinyaci gaba ɗaya kafin ya gano cutarsa, ɗan kaɗan yake ɗiba, saboda jinin a gauraye yake. Matsalar ita ce jama'a ba a gauraye suke kamar jini ba, don haka sai mai bincike ya tsara yadda kowa zai sami damar faɗowa cikin waɗanda za a tambaya: na birni da na ƙauye, mace da namiji, mai waya da marar ita. Idan ya yi haka da mutum 1,000, lissafi ya nuna sakamakonsa kan iya kauce wa gaskiya da kusan kashi 3 cikin ɗari, sama ko ƙasa. Saboda haka idan ka ji an ce wannan ɗan takara yana da kashi 48, wancan yana da 46, binciken bai nuna wanda ke gaba ba, ko da kuwa jaridu sun buga haka da manyan baƙaƙe.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne yadda aka zaɓo mutanen ya fi yawansu muhimmanci. A zaɓen Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta aika wa mutane kusan miliyan 10 takardun tambaya, fiye da miliyan 2 suka amsa, ta kuma sanar cewa Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt. Da aka ƙirga ƙuri'u, Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta tsinto yawancin sunayen ne daga littattafan lambobin tarho da rajistar motoci, a lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, talaka ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Sannan waɗanda suka ɗauki wahalar mayar da takardar sun fi yawa cikin masu jin haushin shugaban. George Gallup, wani mai binciken ra'ayin jama'a, da mutane kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta, ya faɗi wanda zai ci daidai. Shi ma bai tsira ba: a 1948 ya gama tambayoyinsa makonni kafin ranar zaɓe, ya ba Thomas Dewey nasara, sai Harry Truman ya ci.

A yau babban ƙalubalen shi ne masu ƙin amsawa. A 2016 binciken ƙasa baki ɗaya a Amurka bai yi nisa da gaskiya ba, tunda ya nuna Hillary Clinton ce kan gaba, kuma ta fi Donald Trump yawan ƙuri'u da kusan kashi 2, amma na wasu jihohi irin su Wisconsin da Michigan ya kauce, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne masu ilimin jami'a, waɗanda suka fi karkata ga Clinton, sun fi yarda su amsa tambayoyi, ba a kuma daidaita lissafin ba. A ganina, duk binciken da bai bayyana wanda ya biya kuɗinsa, da ranakun da aka yi shi, da yadda aka sami mutanen ba, bai cancanci ka ɗora ra'ayinka a kansa ba.

TAMBAYA: Malam, na ji cewa akwai masu bin mutane da tambayoyi bayan an gama zaɓe. Tunda an riga an san wanda ya ci, mene ne amfanin wannan wahala? Daga wata malamar makaranta.

AMSA: Malama, wannan shi ne binciken da ni na fi girmamawa, domin akwatin zaɓe yana faɗin adadi ne kawai, ba ya faɗin dalili. Tun 1948 masana a Jami'ar Michigan suke irin wannan aiki, wanda ake kira American National Election Studies, kuma daga nan aka fahimci cewa mutane da yawa sun jingina da jam'iyyarsu tun kafin a fara yaƙin neman zaɓe. Biritaniya tana da irinsa tun zaɓen 1964, a Afirka kuma cibiyar bincike ta Afrobarometer ta fara a 1999, tana tambayar jama'a gaba da gaba a ƙasashe fiye da 30 kan yadda suke kallon zaɓe da shugabanninsu.

Irin wannan aiki ne ya tona wani hali na ɗan'adam: masu cewa sun jefa ƙuri'a kusan kullum sun fi waɗanda suka jefa a zahiri yawa, saboda mutum yana jin nauyin ya dubi baƙo ya ce bai fita ba. Tsoro ma yana karkatar da amsa. Ki ɗauka ma'aikaciyar bincike ta zauna a ƙofar gida, ta tambayi magidanci wa ya zaɓa. Sai ya yi shiru, ya dubi na'urar da ke hannunta, kafin ya buɗe baki yana lissafin inda maganarsa za ta je. Shi ya sa Afrobarometer kan rufe hirarta da tambayar mutum wa yake zaton ya aiko su, domin masu nazari su iya kwatanta amsoshin wanda ya ɗauka gwamnati ce ta turo da na wanda ya san masu bincike ne masu zaman kansu.