Tambaya da Amsa: Mun saba da filin Daura, za mu iya hawa tuddan Ruwanda a kan keke?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu 8 ne, abokan juna a Daura, kuma kusan kowane ƙarshen mako mukan hau kekunanmu mu je Katsina, mu kwana, mu dawo. Mun yi adashe domin mu tafi hutu ƙasar Ruwanda, mu bi hanyar nan ta bakin tafkin Kivu da masu keke ke yawan ambata. Babbanmu ya haura shekara 50. Shin ƙarfin da muke da shi zai kai mu, kuma me ya kamata mu tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ku iya, da yardar Allah, amma sai kun sauya yadda kuke lissafin tafiya, domin mu mutanen fili da kilomita muke auna wahala, alhali a ƙasar tuddai tsayin da aka hau shi ne ma'auni.

Hanyar da kuke nufi ita ce wadda ake kira Congo Nile Trail, wadda aka buɗe a 2011. Tana tashi daga Rubavu a arewacin tafkin Kivu, ta ratsa Rutsiro da Karongi da Nyamasheke, ta ƙare a Rusizi, tsawon kusan kilomita 227, kuma masu keke sukan raba ta kwana 5. Wanda ya saba cinye kilomita kusan 80 tsakanin Daura da Katsina a yini guda zai ɗauka cewa kilomita 45 a rana wasa ne, kuma nan ne ake yaudarar kai. Mafi yawan hanyar ba kwalta ba ce, jar ƙasa ce da tsakuwa, tana hawa tana gangarawa tsakanin gonakin gahawa da ayaba da ganyen shayi, kuma ba abin mamaki ba ne a tara hawan mita 1,000 a yini ɗaya. Idan tudu yana ɗagawa mita 8 a kowace mita 100, mutumin da yake gudun kilomita 22 a sa'a a hanyar Katsina zai koma 6 ko 7, ya shafe sa'a guda yana murza feda ba tare da sararawa ba.

Akwai kuma batun iska. Katsina tana kan tsayin mita 500 ko sama kaɗan daga teku, birnin Kigali kuwa ya kai kimanin 1,500, tafkin Kivu kansa yana wajen 1,460, kuma daga bakinsa hanya sama take yi. Wannan tsayi bai kai wanda yakan kwantar da mutum ba, domin ciwon tsauni yakan fara ne daga wajen mita 2,500, amma numfashi zai yi muku nauyi a kwanakin farko. Saboda haka ku ware kwana 2 a Kigali ko garin Musanze da ke arewacin ƙasar kuna ɗan zagayawa kafin ku kama hanya. Ku tafi da rigar sanyi da ta ruwa, domin zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, kuma wanda ya jiƙe da gumi a kan tudu sanyi zai kama shi a gangare.

Abin da na fi so ku ba muhimmanci shi ne keken kansa. Kekunan da muke hawa a nan yawancinsu an yi musu giyar fili, wasu ma giya ɗaya ce tal, kuma babu ƙarfin cinyar da zai rama wannan. Ku nemi keken tsauni mai faɗin taya, wanda ƙaramin faifan gabansa bai kai babban faifan baya yawan haƙora ba, misali haƙora 22 a gaba da 34 ko 36 a baya. Da irin wannan giyar mutum yana zaune a sirdi yana juya ƙafa da sauƙi, maimakon ya miƙe yana danna feda har gwiwa ta kumbura a rana ta biyu.

Gangare kuwa ya fi hawa haɗari, kuma shi ne abin da ba za ku taɓa koyo a Daura ba. Wanda ya damƙe birki bai saki ba tun daga saman tudu har ƙasa zai sa shi ya yi zafi ya daina kamawa, daidai lokacin da kwana ta tunkaro. Ƙa'idar ita ce a matsa a saki, a rage gudu kafin a shiga kwana ba a tsakiyarta ba, a yi amfani da birkin gaba da na baya tare, a kuma ja jiki baya a kan sirdi. Birkin faifai ya fi na roba riƙo idan hanya ta jiƙe. Kowa ya sa hular kwano, kuma a bar tazara mai yawa tsakanin keke da keke, domin yara sukan fito da gudu daga gidaje su tarbi baƙi. Ku riƙe robar birki ta sauyi, da tiyub, da kayan faci, da famfo, da abin haɗa sarƙa idan ta tsinke.

Game da horo, ku ba kanku wata 3. Ku riƙa fita kuna fuskantar iska da giya mai nauyi na minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, sannan ku riƙa zuwa yankin Kazaure, inda ake samun ɗan tudu, ku hau ku sauko ku maimaita. Idan hali ya yi, ku yi mako guda a Jos, wadda tsayinta ya kai kusan mita 1,200. Babban yayanku kuma ya ga likita a duba jininsa da zuciyarsa tun kafin a sayi tikiti.

A tudu ayari yakan watse, domin kowa da nauyinsa da numfashinsa, kuma kuskure ne mai rauni ya takura kansa don kada a ce ya gaza. Ku yi yarjejeniya tun daga gida cewa kowa zai hau da saurinsa, a haɗu a sama, kuma ba a tashi sai na ƙarshe ya iso ya huta ya sha ruwa. Ku sa mafi ƙwarewa a baya da kayan gyara. Ina kuma ba ku shawara ku ɗauki ɗan jagora na ƙasar wanda yake jin Kinyarwanda, da motar da za ta ɗauki jakunkuna da duk wanda ya gaji; kuɗinta idan aka raba 8 ba zai yi nauyi ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Yuni zuwa farkon Satumba, ko daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu, domin a watannin Maris zuwa Mayu ruwan sama yana mai da hanyar taɓo. Ku kauce wa watan azumi. 'Yan ƙasashen Tarayyar Afirka suna samun biza ta kwana 30 kyauta a filin jirgi, amma ku tabbatar a ofishin jakadancin Ruwanda da ke Abuja, ku kuma tafi da katin rigakafin shawara da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Jirgin kamfanin RwandAir yana tashi daga Legas zuwa Kigali, kuma ku tambayi kuɗin ɗaukar keke ku gwada da na haya a can. An hana leda a ƙasar tun 2008, sannan safiyar Asabar ta ƙarshen kowane wata lokacin aikin gayya ne da suke kira Umuganda, ba a zirga-zirga sai wajen ƙarfe 11. Musulmi ba su da yawa a ƙauyuka, don haka ku tambayi asalin nama, ko ku tsaya ga wake da dankali da ƙananan kifin tafkin da ake kira sambaza. A Kigali unguwar Nyamirambo tana da masallatai da gidajen abincin Musulmi.

Saura maganar tsaro. Rubavu tana maƙwabtaka da Goma, Rusizi kuma da Bukavu, kuma 'yan tawayen M23 sun kama waɗannan biranen Kwango biyu a farkon 2025. Ku binciki halin da iyaka take ciki kafin ku biya kowa kuɗi. Idan hankalinku bai kwanta ba, ku taƙaita tafiyar a kewayen Karongi, ko ku zagaya tagwayen tafkunan Burera da Ruhondo kusa da Musanze, inda za a iya kwana wuri ɗaya ana fita ana dawowa, wanda kuma shi ne zai fi sauƙi ga babban yayanku.